Kiwon kifi a bayan gida: abin da hunturu ke yi wa kwami a Mirriya

Da zarar watan Disamba ya kama a Mirriya, masu kiwon kifi a gida sukan fara ganin abin da ba su gani ba tun damina. Mai kwami ya fito da sassafe da kwanon abinci, ya watsa kamar yadda ya saba, amma tarwaɗar da a watan Oktoba ke tasowa tana wawaso har ruwa ya fantsalo masa a riga, yau ta lafe a ƙasa. Abincin ya yi ta yawo a saman ruwa har ya jiƙe ya nutse. Wanda bai san dalili ba sai ya ɗauka kifin ya gaji da irin abincin ne, ya sayo wani, ko ya ƙara yawa don kada su rame. Bayan kwana huɗu ko biyar ruwa ya fara wari, kumfa ta taru a kusurwa, a wayi gari kifi goma ko ashirin sun juya ciki sama. Nan ne ake fara maganar baki ko sammu, ko a ɗora laifi kan wanda ya sayar da ƴaƴan kifin. Mafi yawan lokuta kuwa ɗari ne, da abincin da aka yi ta zuba wa kifin da ba ya iya ci.

Asarar tana da ciwo saboda lokacin da take zuwa. A kiwon tarwaɗa, abinci ne ke cinye fiye da rabin kuɗin da ake kashewa, kuma kifin da ya mutu a Disamba ya riga ya ci na wata huɗu ko biyar. Jarin nan sau da yawa kwasar adashe ce, ko kuɗin rago, ko albashin da aka tsuke.

Ba abin mamaki ba ne sana'ar ta ja hankalin mutanen Mirriya. Garin yana da tazarar kilomita 18 kacal daga birnin Damagaram, inda masu cin kifi suke, an san shi da lambuna da ruwan da bai yi nisa ba a kwari, ga kasuwar Lahadi da ke tara jama'a. Tabkunan jihar irin su Gidimuni da Lasuri suna ba da kifi, sai dai kamun yana hawa yana sauka da damina. Kwamin siminti ko na tamfol, wanda wasu ke kira basan, yana ba mutum kifi ɗanye a lokacin da ya zaɓa, muddin ya san yadda zai tsallake watanni uku na ɗari.

Jikin kifi ba ya ɗumama kansa

Akuya ko kaza tana riƙe zafin jikinta ko da iska ta yi sanyi. Kifi ba haka yake ba, zafin jikinsa shi ne zafin ruwan da yake ciki. Ruwa ya yi ɗumi, hanjinsa ya narkar da abinci da sauri, ya girma. Ruwa ya yi sanyi, komai na jikinsa ya yi nauyi: narkewar abinci, motsi, har ƙarfin da yake yaƙar cuta da shi.

Tarwaɗa ta fi jin daɗi a ruwa mai digiri 26 zuwa 30. Idan ya sauko kusa da 22 sai cinta ya ragu, ƙasa da 20 kuwa kusan girma ya tsaya. Karfasa ma ba ta da juriya: tana daina haihuwa in ruwa ya sauko wajen digiri 20, tana barin abinci a wajen 16, kuma tana iya mutuwa idan ya daɗe a 11 ko 12. A Damagaram, a watan Janairu, zafin iska da asuba yakan kasance tsakanin digiri 14 da 15, wasu ranakun ya faɗi ƙasa da 10, da rana kuma ya hau kusan 30. Wannan ba sabon abu ba ne a yankin. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya taso daga Kukawa a ƙarshen Nuwamba 1852 ya biyo ta Mirriya ya shiga Damagaram ranar 25 ga Disamba, ya rubuta cewa a farkon wannan tafiya ma'auninsa ya nuna masa kusan digiri 5 wata asuba.

Ruwa dai ba ya daskarewa a nan. Amma ga kifin da Allah ya halitta don ruwa mai ɗumi, digiri 18 hunturu ne cikakke.

Akwai kuma abin da ke sa kwami ya fi sanyi fiye da yadda ake zato, kuma babu garin da ya kamata ya gane shi kamar Mirriya, garin masu ginin tukwane. Me ya sa ruwan randa ke da sanyi ko a bazara? Domin yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da ya bushe ya tashi yana tafiya ne da zafi. Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, ga ƙarfi. Idan ta kwana tana shafar fuskar kwami, abin da take yi wa randa shi take yi masa. Sararin sama marar gajimare kuma yana ƙara zuƙe zafin da ruwan ya tara da rana. Shi ya sa kwamin tamfol da aka kafa a tsakar gida, a buɗe, iska na dukansa ta kowane gefe, yakan wayi gari da sanyin da hannu ba ya son taɓawa.

Yadda masu ƙanƙara ke yi

A ƙasashen da tafki ke daskarewa, kifin da aka fi ajiyewa a bayan gida shi ne koi, kifin ado mai ja da fari da baƙi da ruwan zinariya. Asalinsa kifin ci ne, dangin wanda Faransawa ke kira carpe. Manoman shinkafa na duwatsun Niigata a Japan, a yankin Ojiya da Yamakoshi inda dusar ƙanƙara ke rufe hanyoyi, suna kiwonsa don su sami abin ci a hunturu. A farkon ƙarni na 19 suka fara ware masu launi suna haɗa su, kuma baje kolin da aka yi a Tokyo a 1914 ne ya fito da kifin idon duniya. Yau abin ya zama babbar kasuwa: a 2018 an sayar da koi guda ɗaya a Japan kan yen miliyan 203.

Koi na iya rayuwa a ƙarƙashin ƙanƙara saboda wata ɗabi'a ta ruwa. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, don haka idan sama ta daskare, wannan ruwan mai ɗan dama-dama shi ke kwantawa a ƙasa, kifin ya sauka can ya lafe har sanyi ya wuce. Saboda haka masu kwamin koi a Turai da Kanada ke haƙa shi ya kai mita 1 da santimita 20 ko fiye, su bar ƴar kafa a ƙanƙarar don iska ta shiga gurɓatacciya ta fita, kuma su daina ba da abinci gaba ɗaya idan ruwa ya sauko ƙasa da digiri 10. Wata uku ko huɗu kifin bai ci komai ba, kuma ba ya mutuwa. Masu kiwo na Niigata kuwa, da kaka suke kwashe kifayensu masu daraja daga tabkunan laka su kai su kwamaye na cikin rufi.

Tarwaɗa ba koi ba ce, ba za ta kwana ɗaya a ƙarƙashin ƙanƙara ba. Amma dabarun iri ɗaya ne, lambobin ne kawai suka bambanta: zurfi, rufi, da riƙe hannu wajen abinci. Abin da digiri 10 yake ga koi, shi digiri 18 zuwa 20 yake ga tarwaɗa.

Gini: tun a nan ake cin hunturu ko a faɗi

Kuskuren farko rowar zurfi ce. Mutum ya ga bulo da siminti sun yi tsada, sai ya tsaya a santimita 50 ko 60. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Zafi ta fuskar ruwa ya fi fita. Kwami biyu masu faɗi ɗaya, ɗaya zurfin ruwansa santimita 40, ɗaya 120, kusan zafi ɗaya za su rasa a dare guda, amma na biyun yana da ruwa ninki uku, don haka sanyin da zai yi kusan kashi ɗaya ne cikin uku na wancan. Zurfin nan kuma shi zai ceci kifin a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40. Ruwa ya kai mita ɗaya aƙalla, a bar kuma santimita 20 zuwa 30 tsakanin ruwa da bakin gini, don tarwaɗa gwanar tsalle ce, musamman daren da aka yi ruwan sama.

Idan ƙasar gidan ta yarda, gara a nutsar da rabin ginin a ƙasa. Ƙasa bargo ce, ba ta saurin sanyi ba ta saurin zafi. Sharaɗin shi ne a sami gangaren da ruwa zai fita da kansa idan an buɗe tiyo, ko rami a gefe da za a tara shi a ɗebe. A karkata daɓen kwamin kaɗan zuwa wajen mafita, domin kashin kifi da ragowar abinci su taru can. Mafitar ta ja ruwa daga ƙasa, inda dattin yake. Ruwa yana da nauyi, kowace lita kilo ɗaya ce, saboda haka bulon ya zama cikakke ba mai rami ba, a sa rodi a kusurwoyi da ɗamara, a yi yaɓe mai kyau a ciki. Magini da ya saba gina ɗaki kawai yana buƙatar a tuna masa wannan.

Wurin ma a zaɓe shi da hunturu a zuciya. Iskar daga arewa maso gabas take zuwa, don haka kwamin ya fake a bayan katanga ko ɗaki ta wannan ɓangare, in babu a kafa zana. Ya riƙa samun rana da hantsi zuwa la'asar. Inuwar mangwaro ko dogon yaro tana da daɗi a bazara, amma a Janairu tana hana ruwa ɗumi, ga ganye da ke zuba yana ruɓewa. Rumfar kara da za a ɗora a bazara a sauke a hunturu ta fi itace amfani.

Sabon siminti yana sakin farar ƙasa a ruwa, tana ƙona fata da matsarmamar kifi. A cika kwamin a bar shi ya jiƙa, a zubar, a sake cikawa, haka har mako biyu, kafin a saka kifi ko ɗaya. Wanda ya yi gaggawa a nan yakan rasa ƴaƴan kifinsa a ranar farko.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi a wannan jiha, wato ruwa. Kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1 da santimita 20 yana shan lita 7200, wato bido 360 na lita 20. A rani iska da rana kaɗai na iya ɗauke kusan santimita ɗaya a yini, kimanin lita 60, ban da wanda za a riƙa canzawa. Wanda ke sayen ruwa wajen ƴan garuwa, ko wanda famfonsa ke kwana biyu bai kawo ba, ya yi wannan lissafi kafin ya kira magini. Kiwon ya fi dacewa da mai rijiya ko burtsatse, musamman mai lambu, don ruwan da ya fito daga kwami taki ne ga salati da kabeji da zogale, kuma hunturu dama lokacin noman rani ne. Ruwan famfo yana da kulorin, sai ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe kafin ya shiga wajen kifi. Ruwan da ke da ɗanɗanon kanwa mai ƙarfi, irin na wasu kwarurruka na gabashin jihar, a gwada shi da kifi kaɗan tukuna.

Mai koyo kada ya cika kwami. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iska a saman ruwa, shi ya sa take jure cunkoson da karfasa ba za ta jure ba. Duk da haka, ga wanda ba shi da injin hura iska, kifi 30 zuwa 50 a kowace lita 1000 sun isa farawa.

Watanni uku na ɗari

Kayan aikin da ya fi kowanne daraja daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu shi ne ma'aunin zafi, kuma bai kai kuɗin buhun abinci ɗaya ba. A ɗaura masa igiya a zura shi tsakiyar ruwa, a duba da asuba, a duba da la'asar, a rubuta a littafi. Hannu ba ma'auni ba ne, wanda ya fito daga bargo komai sanyi zai ji.

Abincin safe a daina shi. Ruwa ya fi sanyi da asuba, ya fi ɗumi tsakanin azahar da la'asar, to a wannan lokaci za a ba da abinci, sau ɗaya a yini. A watsa kaɗan a tsaya a gani. Abin da suka cinye cikin minti goma zuwa goma sha biyar shi ne rabonsu, sauran a kwashe da ƴar raga. Idan ma'auni ya nuna ƙasa da 20 a rage zuwa rabi, idan ya kai 18 ko kifin bai taso ba a haƙura da ranar. Babban kifi yana kwanaki bai ci ba, ba abin da zai same shi. Abincin da ya nutse ne ke kisa: yana ruɓewa ya cinye iskar da ke cikin ruwa, ya saki amoniya, gubar nan mai warin fitsari da ke lalata matsarmama. Ƙananan halittun da ke tace wannan guba su ma sanyi yana rage musu aiki. Hanjin kaji da ragowar tuwo da wasu ke zubawa don rage kuɗi sun fi haɗari a wannan lokaci.

Da magariba a rufe kwamin. Leda mai kauri, fara wadda haske ke ratsawa, ita ta fi, a ɗora ta kan sanduna kamar tanti yadda ba za ta taɓa ruwa ba. Tana tare iska, tana hana bushewa, da rana kuma tana tara ɗumi. Zana ko tsohon tamfol ma suna taimakawa da dare. A bar sarari tsakanin rufin da ruwa, da ƴar kafa a gefen da iska ba ta bugawa, domin tarwaɗa sai ta taso ta shaƙa. Da hantsi a ɗage gefe ɗaya. Mai kwamin tamfol ya naɗe jikinsa da zana ko buhunan ƙaiƙayi, ko ya tara masa ƙasa a gindi.

Wajen canjin ruwa, mutanen kwarin Mirriya suna da wata gata da masu koi a Turai ke biyan kuɗin lantarki don su samu. Duk wanda ya taɓa jan guga da asubar hunturu ya san ruwan rijiya da ɗumi yake fitowa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya bin yanayin dare da rana, a wannan yanki yana zama kusa da digiri 28 zuwa 30 duk shekara. Saboda haka a zuba wa kifi ruwan da aka jawo yanzu, kai tsaye daga rijiya ko burtsatse, da yamma ko da sassafe, ba wanda ya kwana a tanki a saman ƙarfe yana shan iska ba. A fitar da kashi ɗaya cikin huɗu, in ya yi yawa ɗaya cikin uku, ta mafitar ƙasa, a mayar a hankali. Zubar da ruwa duka a cika da sabo yana girgiza kifi, ko daga sanyi zuwa ɗumi ne. Ruwan rijiya kuma ba shi da iska sosai, a bar shi ya faɗo daga sama yana fantsama, ko ta cikin gwangwani mai huji.

A rage taɓa kifi. Tantancewa, wato ware manya daga ƙanana don kada su cinye juna, aiki ne da ake yi duk mako biyu ko uku ga ƙananan tarwaɗa, amma a tsakiyar ɗari kowane ƙwarzane ƙofa ce ga cuta. Wadda aka fi gani ita ce wani farin abu kamar auduga da ke tsirowa a fata ko a baki. Gishirin girki, kilo 1 zuwa 2 a lita 1000, yana taimakawa, tare da gyara ruwa da ɗumi. Kifin da ya mutu a cire shi nan take a binne. Abin takaici shi ne yadda ake saurin sayen kafso a kasuwa a farfasa a zuba a kwami. Ba ya maganin sanyi, ba ya maganin ruwa marar kyau, kuma yana iya zama a naman da iyali za su ci. Ma'aikatan muhalli da gandun daji, waɗanda sha'anin kifi ke hannunsu, da majalisar manoma ta jihar Damagaram, su ne wuraren neman shawara kafin a zuba kowane magani.

Wanda bai shirya duk wannan ba, yana da wata hanya: ya kauce wa hunturun. Tarwaɗa mai samun abinci mai kyau a ruwa mai ɗumi tana isa sayarwa cikin wata biyar zuwa shida. Wanda ya zuba ƴaƴan kifi a Maris ko a farkon damina zai kwashe kafin Disamba, ya wanke kwami, ya gyara tsaga, ya huta. Zuba ƴan ƙanana a Nuwamba shi ne mafi muni, don su ne sanyi ya fi kashewa, kuma a lokacin masu ƙyanƙyasa a Kano da sauran arewacin Najeriya, inda ake samo da yawa daga cikinsu, su ma suna fama da sanyin. Duk lokacin da aka kawo su, a ɗora mazubin a saman ruwan kwami na minti ashirin ko talatin, ana ɗan tsoma ruwan kwamin a ciki, kafin a sake su.

Masu sha'awar koi ɗin kansa don ƙawata gida ko otal su sani cewa hunturun Damagaram hutu ne a gare shi. Bazara ce matsalarsa, don ruwan da ya haura digiri 30 ba ya riƙe iskar da yake buƙata, kuma shi ba ya shaƙa a sama kamar tarwaɗa. Sai da inuwa, da zurfi, da matata, da injin da ke juya ruwa dare da rana, wanda ke nufin lantarkin da ba ya yankewa ko faifan hasken rana da batir. Wanda kuma ya gaji da shi kada ya kai shi tafki ya sake. Danginsa yana tonon laka, ya dagula ruwa, ya tuge ciyayi, kuma Ostireliya ta daɗe tana kashe kuɗi masu yawa kan ɓarnar da ya yi a kogunanta.

Koi ne ko tarwaɗa, ruwa mai zurfin mita ɗaya a cikin gida haɗari ne ga yaro mai rarrafe da mai tatata. Shinge mai ƙofa da sakata, ko murfin waya mai ƙarfi, yana cikin kuɗin gini tun ranar farko. Ledar da aka shimfiɗa da dare ta fi ruwan buɗe haɗari, don yaro na iya ɗauka wurin takawa ne. Ragar da za ta hana zalɓe da kyanwa ba ta ɗaukar nauyin yaro. Ruwan da aka fitar kuma a kai shi ga shuka, kada ya kwanta a bayan katanga ya tara sauro ya haɗa mutum da maƙwabci.

Zuwa ƙarshen Fabrairu ma'aunin asuba zai fara nuna 23, 24, tarwaɗa ta soma tasowa da kanta tun kafin a watsa abinci. A ƙara mata a hankali cikin mako guda ko biyu, a dawo da cin safe, a yi tantancewar da aka jinkirta. Ledar a naɗe ta a ajiye a ɗaki don rana ba ta barin ta da rai, a fara tara karan da za a yi rumfar bazara.